Yaya kuke yanke kuɗin aikin haɗa lemo a bikin cikin gida?

Ummi_MaiZoɓo
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a sana'ar nan. Wata bakwai ke nan da na fara zuwa gidajen biki a nan Kano ina haɗa lemo a gaban mutane: Chapman, zoɓo mai abarba, kunun aya da lemon kankana da na'a-na'a. Ranar Asabar na yi aikin walima a wani gida. Mun yi da uwar biki mutum 100, kowane kai naira 1,500, wato 150,000, kaya nawa, kofuna nawa, ƙanƙara tawa. Ta ba ni 70,000 kafin alƙalami. Aka ce daga ƙarfe 4 zuwa 7.

Mutanen da suka zo sun kusa ninka abin da muka yi. Yara kuwa kowa sai ya sha ya dawo. Sau biyu ina tura yaro ya ƙaro ƙanƙara da lemon kwalba da kuɗin aljihuna, don ba zan iya tsayawa a bayan tebur ina cewa baƙi ya ƙare ba. Ban bar gidan ba sai 10 da rabi na dare. Da na zauna lissafi: kayan farko 98,000, ƙarin da na yi a wurin 31,000, 'yan mata biyu da suka taya ni 16,000, mota zuwa da dawowa 9,000. Ya kama 154,000. Ga tambulan shida da suka fashe. Na yi mata maganar ƙari, ta ce ai mun riga mun gama ciniki. Cikon ma sai ranar Laraba ya shigo.

Don Allah ku da kuka daɗe, da kai kuke yi, ko da kofi, ko da awa? Ni dai na ga wannan tsarin nawa ba zai kai ni ko'ina ba.

HajiyaBinta_Kitchen
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata. Kuskurenki ɗaya ne, kin yi ciniki a kan abin da ita kanta uwar bikin ba ta sani ba. Wace mata ce a garin nan ta san yawan mutanen da za su zo mata walima? Ta gayyaci ƙawarta, ƙawar ta zo da ƙannenta biyu da 'yar aiki da yara uku. Shekarata goma sha ɗaya ina girkin biki, ban taɓa ganin adadin da aka faɗa mini ya zo daidai ba. Ki daina ƙirga kai. Ki ƙirga kofi.

Sadiq_Mocktails
Kofi nawa kika fitar a ranar? Da shi za a gane komai.

Ummi_MaiZoɓo
Na roba leda shida, kowace 50, duk sun ƙare. Ban da tambulan da na zuba wa manyan baƙi.

Sadiq_Mocktails
To kin ga 300 ke nan a ƙalla. Ki raba 129,000 na kaya gida 300, kowane kofi ya ci miki naira 430 tun kafin ki biya yara da mota. Ki raba 150,000 ɗin da aka ba ki gida 300, kin sayar da kofi a 500. Saba'in ɗin da ke tsakani ita za ta biya mota da ma'aikata da tsayuwarki ta awa shida da rabi? Ba zai yiwu ba.

Ni a Abuja abin da nake yi, takarda ɗaya ce amma layi uku. Layin farko kuɗin kofuna, adadi kaza a farashi kaza. Na biyu kuɗin aiki, ni da yarana, na awa huɗu. Na uku mota, kuma ya danganta da unguwa, domin Gwarimpa da Lugbe ba tafiya ɗaya ba ce daga inda nake. A ƙasa sai in rubuta kuɗin kowace awa da ta ƙaru da kuɗin kowane kofi 50 da aka ƙara. Ina tura wa mai biki ta WhatsApp, sai ta rubuto ta amince kafin in je kasuwa.

Maman_Khalifa
Ni da kati nake yi. Idan an biya kofi 200 sai in ba uwar biki kati 200 ta raba. Wanda ya kawo kati a zuba masa.

HajiyaBinta_Kitchen
A'a Maman Khalifa, wannan a holin biki ne zai yi. A cikin gidan mutum? Gwaggon ango ta zo tebur a ce mata ina katinki? Wallahi ranar za a daina kiranki a dangin nan gaba ɗaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne wanda Ummi ta riga ta yi ba ta lura ba, ledar kofuna. Ki zo da adadin da aka biya a rufe. Idan saura leda ɗaya, ki tura a kira miki uwar biki gefe, ki ce Hajiya saura 50, a ƙaro ko a tsaya? In ta ce a ƙaro, to bakinta ne ya faɗa. Ba baƙon da ya ji kunya, ke ma ba ki yi asara ba.

Maman_Khalifa
Kin yi gaskiya Hajiya, na fi yi a wurin dina. Amma samun uwar biki a tsakiyar hidima shi ma aiki ne. Wayarta na hannun wata, ita tana ɗakin amarya.

HajiyaBinta_Kitchen
Shi ya sa tun ranar ciniki za ki ce ta nuna miki mutum ɗaya da zai yanke magana a madadinta. Yawanci akwai wata ƙanwa ko aminiya da jakar kuɗin ke hannunta. Ita za ki riƙe.

Abba_Manchester
Bari in faɗi yadda ake yi a nan Ingila, ko da wani abu zai yi amfani. Ina wannan aikin a ƙarshen mako, bukukuwan 'yan Najeriya da Somaliya da Pakistan, babu giya. A nan awa ake saya. Mai gida shi zai sayo kayan, ni in tura masa jerin abin da ake buƙata gwargwadon baƙinsa, in zo da kayan aikina kawai. Ba na fita ƙasa da awa huɗu, ko da taron na awa biyu ne, saboda shiri da kwashe kaya. Kuma akwai ma'aunin da kowa ya sani: a Afrilun 2025 an kai mafi ƙarancin ladan awa ga wanda ya kai shekara 21 fam 12.21, to mai zaman kansa da ya zo da kayan aikinsa dole ya ɗora a kan haka sosai. Amfanin tsarin shi ne in baƙi sun ninka, matsalar mai gida ce, shi zai fita ya ƙaro.

Dan_Fagge
Malam Abba, wannan sai can. A nan an ce ƙarfe 4, amarya ba za ta fito daga wajen kwalliya ba sai 6 ta wuce. Daga yaushe za ka fara ƙirga awar? Ka ce wa Alhaji ya biya ka awa biyu da ka yi a zaune ba ka zuba wa kowa komai ba, ka ji abin da zai faɗa maka.

Abba_Manchester
Ai saboda haka ne ma ya kamata a ƙirga. Awa biyun nan ƙanƙararka na narkewa, yaranka na tsaye, kai kuma ka ƙi karɓar wani aikin saboda wannan. Daga lokacin da aka ce ka zo agogo ke farawa. Mutanenmu na nan ma suna makara, amma da yake sun san holi da ma'aikata duk da awa ake biya, sai ka ga an rage.

Sadiq_Mocktails
Ina bayan Abba a rabi. Awa kaɗai ba za ta yi a nan ba, domin mai biki ba ya son a ba shi jerin sayayya ana saura kwana biyu, so yake ya biya ya huta. Kuma in ka bar masa sayayya zai kawo maka abarbar da ba ta nuna ba, a sha a ce kai ne ba ka iya ba. Amma ƙa'idar lokacin tashi dole ce. Ni nakan ba da rabin awa kyauta, bayan nan lissafi ya fara.

Anti_Rabi
Ku bari mu masu biya mu ce wani abu. Bara na aurar da 'yata. Wadda ta yi mana lemo mun gama magana lafiya, ranar kamu bayan an watse sai ga takarda: kuɗin ƙanƙara daban, kuɗin kofuna daban, kuɗin wanda ya ɗauko kula daga mota daban. Ba ko ɗaya da ta ambata da farko. Na biya don kada a yi hayaniya a gaban surukai, amma raina ya ɓaci, kuma duk wadda ta tambaye ni lambarta ban bayar ba. Uwar bikin Ummi ba ta kyauta ba da ta bar yarinya har 10 da rabi ba ko na mota. Amma ta wani ɓangaren, ita abin da ta sani an ce mata 150,000. Ba wanda ya zo ya ce mata Hajiya kaya sun ƙare, in ƙaro? Ummi ce ta yanke wa kanta ta ƙaro, da kyakkyawar niyya, daga baya ta kawo lissafi. Mutumin da ya kashe kuɗin biki har ya gaji, duk abin da ya zo bayan an tashi nauyi yake yi masa. Ku faɗa mana komai tun farko, ko da yawa ne. Mu ji, mu yi tayi, in ba za mu iya ba mu ce a rage kofi.

Ummi_MaiZoɓo
Anti na karɓi wannan. Gaskiya ban neme ta ba a lokacin, na ga tana ta kai da kawo da baƙi na ji nauyin tare ta da zancen kuɗi.

Anti_Rabi
Jin nauyin nan shi ya ci miki 31,000 'yata. Minti ɗaya ne, kuma da ta fi ganin girmanki.

Malam_Nura
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Na ga ana ta ambaton Chapman. Masu haɗawa, kuna duba ƙaramar kwalbar nan ta Angostura da ake ɗigawa a ciki? A jikin takardarta an rubuta sinadarin giya kashi 44.7 cikin ɗari. Da yawa suna zubawa ba su karanta ba, suna ɗauka kayan ƙamshi ne kawai. A gidan musulmi ana walimar saukar Alƙur'ani ko ɗaurin aure, ya kamata a kula.

Fa'iza_Smoothies
Innalillahi. Ni wallahi wadda ta koya mini ba ta taɓa faɗa ba. Na tashi na duba tawa yanzu, haka ne.

Sadiq_Mocktails
Gaskiya ne, daga Trinidad ake kawo ta, kuma asalin haɗin Chapman na Legas da ita ake yi. Ɗigo uku ko huɗu ne a babban kofi, na ji masu cewa ya narke ba ya bugarwa, na ji masu cewa a bari. Ni ba malami ba ne, na dai cire ta tun shekara biyu. Ina dafa ɓawon lemon zaƙi da kanumfari da citta kaɗan, in tace in ajiye a firji, shi ke ba da ɗan ɗacin nan. Ba wanda ya taɓa cewa ya ji bambanci, kuma kwalbar da ma tsada gare ta.

Ummi_MaiZoɓo
Ni da ma ba na sakawa Malam, tsamiya nake ɗan ɗigawa da lemon tsami.

Bulus_Jos
Tunda an taɓo wajen, bari in sa baki. Ni Kirista ne, a Jos nake, kuma bukukuwan gida da nake yi wasu da giya ake sha. Ban zo gardamar addini ba, kowa da abin da ya riƙe, kuma in gidan musulmi ne ko kwalba ɗaya ba na shiga da ita. Abin da zan ƙara a kan farashi ne. A irin namu ba na taɓa sayen abin sha da kuɗina, jarin ya yi yawa. Mai gida ya saya, in na iso mu ƙirga kwalabe tare a gabansa in rubuta, in an tashi mu sake ƙirgawa har da waɗanda aka shanye. Na koyi wannan ne bayan wani ya ce kwalabensa biyu sun ɓata, ya cire daga kuɗina, alhali ƙannensa ne suka shige da su ɗaki. Nawa ladan aiki ne zalla, kuma in taron zai wuce 10 na dare kuɗin ya canza, domin samun abin hawa da dare da kaya a hannu wani abu ne daban, wani lokacin ma sai dai in kwana. Ummi, ƙirgan nan ki yi shi da tambulanki. Guda nawa kika kawo, a gani, a rubuta, wanda ya fashe ga kuɗinsa.

Dan_Fagge
Wannan na tambulan ya yi. Amma ni shawarata ta daina kai gilashi gidan da yara suke.

Shugabar_Zaure
Jama'a maganar Angostura ta wadatar, wanda ke son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa. Mu koma kan tambayar Ummi.

Zainab_Kaduna
Abin da ban ga an taɓo ba shi ne tsawon ran farashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba na ba da farashin da zai wuce mako ɗaya. An taɓa kama ni da wata biyu kafin biki, na faɗi kuɗi, ranar da na shiga kasuwa sukari da lemon kwalba da kuɗin mota duk sun tashi, haka na yi aikin ba riba. Yanzu ko dai a ba ni kuɗin kaya gaba ɗaya in sayi abin da ba ya lalacewa in ajiye, wato zoɓo da sukari da kofuna da citta, ko kuma a yarda za mu sake duba farashi ana saura kwana bakwai.

Sai ƙanƙara. Mutane suna ganin ruwa ne kawai. Mu da ke layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta, a lokacin har naira 225 kowane yunit, kunna firiza kwana biyu don biki ɗaya ba wasa ba ne. Wanda ba shi da wuta kuma janareta ne ko ya saya a waje, kuma a watan Maris da Afrilu ko da azumi masu ƙanƙara yadda suka ga dama suke sayarwa. Farashina na zafi daban da na hunturu.

Sadiq_Mocktails
Haka ne. Kuma kafin alƙalamin Ummi ya yi kaɗan. 70,000 a kan kayan 98,000, ke nan tun kafin ta bar gida ta ranta wa uwar biki 28,000. Kafin alƙalami dole ya rufe kuɗin kaya duka. Ni kashi 70 nake karɓa, ciko kuma kafin in zuba kofin farko.

Fa'iza_Smoothies
Kafin a fara? Ba za su ce ka raina su ba?

Sadiq_Mocktails
Wasu sun ce. Amma mai hoto da mai kwalliyar amarya haka suke yi ba wanda ya ce komai. Bayan biki kowa ya gaji, kuɗi sun ƙare, kai ne za ka koma mai bin bashi. Kuma a duba asusu da ido, kada a tsaya a hoton rasit da aka turo. An taɓa nuna mini saƙon tura kuɗi a waya a bakin ƙofa, na tafi, har yau ba su shigo ba.

Hadiza_Maradi
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan ba mu cika tsayawa a tebur ba. Bisap, wato zoɓo, da lemon citta da na tsamiya muke ɗurawa a robobi, a kai gidan biki cikin kula, a ƙirga a biya. Roba ɗari jika kaza, magana ta ƙare. Ba ruwanka da wa ya zo wa bai zo ba, ba ruwanka da ƙarfe nawa aka tashi. Na san haɗawa a gaban mutane ya fi kyan gani, amma wadda jarinta bai yi ƙarfi ba ta fara da wannan.

HajiyaBinta_Kitchen
Hadiza ta kawo hanya mai kyau. Har ana iya haɗa biyun: robobi na yara da na tafiya da shi gida, tebur kuma na manya na awa uku. Yaran nan su ne suka cinye ribar Ummi.

Dan_Fagge
Duk wannan tsarin yana aiki ne a kan bare. Ku faɗa mini yadda za a tura wa yayar mahaifiya takarda mai layi uku. Rabin aikin da muke samu daga dangi ne da maƙwabta, kuma su ne ke cewa haba, kai da gidanku.

Zainab_Kaduna
Su ma ina tura musu, sai dai in rubuta cikakken kuɗin, a ƙasa in rubuta abin da na yafe a matsayin gudummawata. Kuɗin kaya ba na yafewa, ladan hannuna nake yafewa. In ba ka rubuta ba, ba za su san ka ba da komai ba, gobe kuma za su faɗa wa ƙawayensu wannan ragin a matsayin farashinka.

Anti_Rabi
Wannan ni ma da an yi mini zan ji daɗi, domin gudummawa ce da za a rubuta a rama.

Dan_Fagge
A gidanku ke nan Anti. A namu in na kai takarda sai an kira taron dangi a kaina.

Ummi_MaiZoɓo
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta daren jiya, ku duba mini. Kofi 200 a 750, ya kama 150,000. Aiki na awa huɗu, ni da mutum biyu, 40,000. Mota gwargwadon unguwa. Ƙarin awa 8,000. Ƙarin kofi 50 kuma 37,500, sai da izinin wadda aka nuna mini. Tambulan da ya fashe a biya. Kafin alƙalami kashi 70.

Kuma ga wani abu. Ɗazu Hajiyar nan ta kira ni, wai baƙinta sun yaba, tana so in yi mata kamun 'yar ƙanwarta wata mai zuwa, a yadda muka yi wancan.

Sadiq_Mocktails
Ƙarin awa 8,000 ya yi kaɗan. Awa huɗu 40,000 ai 10,000 ke nan kowace awa, ta dare kuma bai kamata ta fi ta rana araha ba. Ki mai da ita 12,000. Hajiya kuma ki tura mata sabuwar takardar kamar kowa.

HajiyaBinta_Kitchen
Kada ki tura takarda haka kawai. Ki shirya ki je gidan ki gaishe ta, ki zauna, ki nuna mata lissafin ranar Asabar da hannunki, ba don ta biya ba, don ta gani. Sannan ki fito da sabon tsarin. Irin waɗannan matan in suka fahimta su ne ke kawo miki gida goma.

Maman_Khalifa
Ni kam 750 nake jin tsoro. A unguwarmu akwai masu yi a 500, kuma Hajiya za ta ce mata wancan karon ai da kai aka yi. In ta ce albarka fa, Ummi ta sauko ko ta haƙura da aikin?

Zainab_Kaduna
Ta rage adadin kofi, ko ta cire kunun aya tunda aya da dabino da kwakwa su suka fi cin kuɗi kuma shi ke saurin lalacewa. Ummi, kamun a gida za a yi ko a holi? Kuma ƙarfe nawa suka sa? In da yamma ne bayan la'asar, ki tambaya tun yanzu ko akwai inda za ki jona firiza.